Tambarin da Dora Ta Ƙi Bugawa

Ku matso kusa, 'yan amanata, yau bakina cike yake. Ni ne dai Bellisario, wanda garinmu Matera kaf yake ce wa Zi' Sario, wato Kawu Sario. Kafin in fara, akwai wata yarinya da ta rubuto wancan mako wai ba ni ke rubuta labarin nan ba, tunda na ce ban taɓa zama a aji ba. Yarinya, ni magana nake yi, waya tana rubutawa. In kin ga kuskure, ita ce jakar. Mutumin da aka haifa a kogo kusa da ƙafar alfadari, wanda masassara ta kayar sau biyu ya tashi ya karkaɗe rigarsa, wanda ya ci ganyen jeji shekarar yunwa bai mutu ba, ba ɗan gilashin nan ne zai gagare shi ba.

Ga waɗanda yau suka shigo: na haye tamanin, kuma har gobe ba na dafa ƙarfe in zan hau bene. Matata Rosaria ta rasu shekara huɗu ke nan. Ina zaune da 'yata Nunzia a hawa na uku, a unguwar da aka kwaso mu aka zuba tun lokacin da manyan Roma suka ce kogwanninmu abin kunya ne. Kuma ina son wata mata. Eh, na faɗa, mai dariya ya yi. Sunanta Addolorata, Dora muke ce mata. Mijinta ya rasu, tana ginin da ke kallon namu, barandarta cike da tukwanen ɗoɗɗoya.

Kafin Ista na kai mata tambarin burodi. Na san rabinku ba ku san shi ba, ku da kuka buɗe ido kuka tarar da burodi a leda. A zamaninmu kowace mace a gida take kwaɓa nata, a kai tandar unguwa, ta danna masa tambarin itace don kada ya cakuɗe da na maƙwabta. Namiji in yana son mace ba fure yake kai mata ba, tambari yake sassaƙa mata da hannunsa. In ta buga shi a burodinta, ta amsa. In ta mayar maka, ka haƙura. In kuwa ta tsane ka, sai ta ɗora shi a gwiwa ta karya a gaban jama'a. Amsa uku ce, tun kakanni ba a taɓa jin ta huɗu ba.

Nawa kuwa ku tambayi kowa. Itacen zaitun, mariƙinsa sumul kamar kumatun jariri, a gindinsa alamar gidana: ƙahon rago a naɗe, da ɗan gicciye a tsakiya. Duk hunturu na yi ina aikinsa.

Dora ta karɓa, ta juya shi, ta daɗe tana kallon gindin. Ta ce, "Na gode, Compare Sario." Compare ɗin ma ba wani abu ba ne, haka muke kiran maƙwabci, mace kuma Comare. Shi ke nan fa. Ba ta buga ba, ba ta mayar ba, ba ta karya ba.

Kada ku ce ban bincika ba. Har yanzu duk Asabar tana gasa burodi ta raba wa maƙwabta. Da can guda take aiko mana. Tun da na ba ta tambarin sai yankakke yake zuwa a faranti, kuma ɓangaren da ake buga alama bai taɓa shigowa gidanmu ba. Ina yake zuwa? Wa ke cinye shi?

Ni dai ina da wanda nake zargi. Gaetano, wai shi Tanino, wanda ya yi shekara talatin a Jamus yana ɗaure noti a kamfanin mota, ya dawo mana da gashi baƙi ƙirin kamar an shafa man takalmi, da haƙora farare tas masu kwana a kofi. Muna da guruf na cocinmu a waya. Kullum da sassafe sai ya turo hoton gahawa da jan fure, wayata ta karanto min da muryar nan tata ta rashin kunya: "Barka da asuba ga furannin unguwarmu." Furanni! Ƙaramar cikinsu ta haura saba'in. Dora takan mayar masa da hannuwan nan biyu na addu'a. Amma ranar Talata jar zuciya ta tura. Kafin in ƙwala wa Nunzia kira ta zo ta gani, an goge. Ni na gani. Idon da ke hango kerkeci a ƙetaren kwari ba zai kasa ganin jar zuciya ba.

To, Lahadin nan fadan cocinmu, Don Egidio, ya shirya ziyarar shekara zuwa cocin Maryamu ta Makiyaya, wanda aka fafe a cikin dutse a hayin kwari. Mata kan kai burodi a sa masa albarka a can. Guda, ba yankakke ba. Na ce yau za a yi ta ta ƙare.

Na fito da farar rigata mai wuya, da kwat mai ruwan ƙasa da aka ɗinka min lokacin auren ɗana, da hular ulu. Na goge takalmi har ina ganin gashin bakina a ciki. Na fesa turare, ɗan kaɗan. Nunzia tana kicin tana naɗe cuku da tumatir a takarda.

"Papà, coci za mu ko ɗaurin aure?"

"Ba a zuwa gaban Maryamu da datti."

"Turaren nan sai ya ɓare zanen bangon."

"Uwarki ba ta taɓa kuka da shi ba."

Ta ajiye wuƙa. "Kada ka sako Mamma a maganar nan. Ka riga ka sako ta inda bai kamata ba."

Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Tun ranar da ta ga tambarin a kan tebur ba ta ƙara sakar min fuska ba.

"Donato ya bugo jiya," ta ce. Yayanta ke nan, yana zaune a Bari. "Ya ce ɗaki yana nan a gyare. In aka ci gaba da nuna mu da baki a kasuwa, zai zo da mota ya ɗauke ka."

"Ya zo da motar sojoji. Gwamnati kaɗai ta taɓa fitar da ni daga gidana, ita ma sai da ta ji jiki."

"Kuma dai ka sani, ranar Juma'a na ga Comare Dora a kujerar gaban motar Tanino."

Tumatir take kallo da ta faɗa. Na ce a raina, to ke me ya sa kike kawo min rahoto? Kuma me kuka tsaya kuna ƙus-ƙus ke da Taninon a ƙofar kantin magani, kina tsammanin ban hango ku daga baranda ba?

A bas na tarar da Dora ta riga ta zauna. Siket baƙi ne, amma rigar sanyin da ta ɗora shuɗiya ce. Tun rasuwar mijinta ban ga launi a jikinta ba sai ranar. 'Yan kunne na murjani. Kwando a cinya an rufe da farin ƙyalle, baƙar jaka a hammata ta matse ta kamar za a ƙwace. Wa aka sa wa shuɗin? Ni, ko mai man takalmi?

Sai na lura da jakar. A gefenta akwai wani tudu, tsawon tafin hannu. Na san tsawon nan, ni na auna shi. Burodi an riga an gasa. Mace ba ta ɗauko tambari zuwa taron jama'a sai don ɗayan abu biyu, kuma ba mai daɗi a ciki.

Wa ke zaune kusa da ita? Kun sani.

"Compare Sario!" ya ɗago min hannu. "Har da kai? Matakalar nan fa ba wasa. In ka gaji ka yi magana, a Jamus an koya mana ɗaukar marar lafiya."

"Kai dai ka riƙe haƙoranka, Tanì. In suka faɗa kwarin nan ba mai sauka ya ɗauko maka."

Bas ta ɗauki dariya. Dora ta rufe baki da hannu, kafaɗarta na rawa. Wannan dariyar tawa ce.

Amma a matakalar dutse shi ya miƙa mata hannu, ta kuma kama. Ni Nunzia ta cafke min gwiwar hannu kamar ɗan sanda ya kama ɓarawo. Duk lokacin da na ƙara sauri don in ji abin da suke faɗa, sai ta ce, "A hankali, Papà, akwai santsi." Santsin ina? Rabon ruwa tun wancan wata.

Ƙofar cocin tana nan yadda na bar ta, sai dai an sa mata ƙarfe da kwaɗo. Sanyin cikin cocin ya doke ni, da warin nan na jiƙaƙƙen dutse. Ina ɗan shekara bakwai aka ba da ni kiwo, a nan nake kwana da tumaki in ruwa ya tsuge. Inda bagadi yake yanzu, nan tunkiya mai ciki take kwanciya. Maryamu tana nan a bangon gabas da doguwar fuskarta da manyan idanunta, jaririn a hannunta ya ɗaga yatsu biyu, jan mayafinta ya koɗe. A dama Mala'ika Mika'ilu da ma'auninsa. A hagu wani tsohon waliyyi mai gemu, an kankare masa gwiwa har dutse ya fito. Aikin uwata ne. Da masassara ta dawo min karo na biyu, ita ta kankaro garin, ta dama a ruwa ta ɗura min. Gwiwar waliyyi tana cikina, shi ya sa nawa ba sa ciwo. Yanzu an ja igiya, wai kada a taɓa.

Tanino ya zaro waya yana karanta wa mata, Dora a gefensa.

"An ce zanen nan ya kai shekara ɗari bakwai. Baƙin nan kuwa da kuke gani a sama, tsufa ne da damshi."

"Damshin ina?" na ce. "Hayaƙina ne. Nan nake hura wuta in dafa wake. Duk baƙin nan ni kaɗai na yi shi."

Na tsaya ina jira a jinjina. Don Egidio ya cire tabarau ya dube ni.

"Ashe kai ne, Zi' Sario. Shekara biyu masu gyara suna fama da shi da auduga."

"Wannan ma abin bugun ƙirji ne, Compare?" in ji Dora. "Ka bandace Uwar Ubangiji kamar cuku?"

Mata suka kwashe. Wannan dariyar ba tawa ba ce.

Aka fara sujada. Ba zan yi muku ƙarya ba, ko kalma ɗaya ban ji ba, idona na kan jaka. Sau ɗaya na ɗauke shi, sai na kama Tanino yana yi wa Nunzia wani ɗan gyaɗa kai. Ita kuma ta kawar da fuska. Na ce a raina, Bellisario, a gidanka ake haƙa maka rami.

Da aka zo sa albarka, mata suka jera kwanduna a kan dakalin dutse, kowacce ta yaye ƙyallenta. Ga burodi manya-manya masu tozo, kowanne da alamarsa: tauraro, reshe, kifi. Na kutsa gaba, na taka ƙafar wata ban ko ba ta haƙuri ba. Dora ta yaye nata.

Fes. Ba ƙahon rago, ba alamar marigayi mijinta, ba komai.

Tsofaffin mata suka fara taɓa juna. Sun san abin da na sani: a tanda, burodin da ba alama na wanda hannunsa ya riga kaiwa ne.

Kamar jira yake, Tanino ya yi gyaran murya, ya zaro wani ƙunshi daga aljihun kwat, takarda mai ƙyalli da jan zare. Ya warware. Tambari! Irin na shagunan masu yawon buɗe ido, wanda inji ke zubarwa kamar ƙwai, an shafe shi da man sheƙi.

"Comare Dora, na ji an ce a nan haka ake yi."

Ya ji an ce! A bakin wa? Mutumin da in ya yi tuntuɓe da Jamusanci yake zagi? Na waiwaya na dubi Nunzia. Ta sunkuyar da kai.

Dora ta karɓa. "Na gode, Compare Tanino." Da muryar nan dai da ta yi min. Ta buɗe jaka ta jefa shi, hannunta ya fito da nawa.

Cocin ya yi tsit, har ɗigar ruwa a lungu ana ji. Na kalli gwiwarta. Na gyara tsayuwa, na ce in za a karya, a karya ina tsaye kamar namiji. Ta tako. Da ta zo daidai ni na miƙa hannu in karɓi abina da mutunci.

Ta wuce ni. Ta je gaban Nunzia ta kamo hannunta ta danƙa mata.

"Riƙe, 'yata. Na uwarki ne."

Nunzia, matar da ta aurar da 'ya'ya biyu, ta rungume guntun itace ta fashe da kuka kamar yarinya.

"Na Rosaria yana cikin akwatin gawarta, ni na sa mata," na ce. "Wannan sabo ne. Ke na sassaƙa wa."

"Itacen ne sabo," in ji Dora. "Shekara nawa ina tsaye bayan Rosaria a layin tanda? Ko ido rufe na shafa ƙahon ragon nan na san burodinta ne. Unguwa duka ta sani. Kana so ni in kwaɓa, ni in gasa, in ƙona yatsu, a gutsura a ce Allah ya jiƙan Rosaria?"

"Alamar gidana ce!"

"Na sani. Akwai mace a ciki, ko da ta mutu."

Nunzia ta ɗago, ido jajir. "Ranar jana'iza na roƙe ka na Mamma, ka ce a'a, da abinta za ta tafi. Na haƙura. Sai na tashi wata safiya na ga irinsa sak a tebur, za a kai wa wata."

Don Egidio ya rasa inda zai sa kansa, sai ya shiga yayyafa ruwa mai tsarki a kan komai, burodi da mu duka.

"To ni fa?" in ji Tanino yana goge goshi a hankali don kada rini ya zubo. "An amshi nawa ke nan?"

"Zauna, Bajamushe," wata tsohuwa ta ce masa. "Ba a sauke tukunya ba tukuna."

Ni da na san tsagar kunnen kowace tunkiya daga nan har bakin teku, wannan bai taɓa zo min a rai ba. Amma ku ma ku yi adalci. A zamaninmu wa ya taɓa sassaƙa tambari sau biyu? Mazan duk mutuwa suke yi kafin a kai ga na biyu. Ni na daɗe ne, ba wanda zan tambaya.

Da aka fito, jama'a suka bazu kan duwatsu suna cin abinci. Na sami Dora ita kaɗai a bakin ƙofa, ta kafa burodin a ƙirji tana yankawa.

"Comare, amsar nan ba ta cikin ukun."

"To an samu ta huɗu."

"Eh ce ko a'a?"

"Ka sassaƙa min nawa. Wanda ba a taɓa bugawa a burodin kowa ba."

"Na Tanino fa?"

"Yana jaka."

"Ki mayar masa mana."

"Ranar bikin Maryamu ta Bruna zan gasa babba in fitar wa jama'a. Da alama zai fita, ba zan ƙara kai burodi tsirara gaban Maryamu ba. In naka ya iso, to. In bai iso ba, akwai na jaka."

"Na inji? Wanda kowace baƙuwa ke saya ta rataya a kicin?"

"Shi dai ba na matacciya ba ne."

"Motarsa da kika shiga fa? Da jar zuciyar ranar Talata?"

"Likitan ido ya kai ni. Zuciya kuwa yatsa ne ya zame. Ko ma bai zame ba, ina ruwanka tukuna?"

Kun ji? Tukuna. Na haɗiye wannan kalmar kamar zuma, amma ban yarda da zancen yatsa ba.

"To wace alama kike so?"

Ta miƙo min yanka ɗaya. "Tun bara kake kallona daga baranda, har tukwanena sun san ka. In ba ka san abin da ya dace da ni ba, me kake kallo?"

Na kai hannu in karɓa, sai na ga idonta a kansa. Akwai abin da ban gaya muku ba. Tambarin da na ce duk hunturu na yi ina aikinsa, da can aikin yini biyu ne a wurina. Hannun daman ne ya fara min rawa, sai na matse shi da cinya kafin wuƙa ta bi inda nake so. Bikin Bruna kuwa farkon Yuli ne, ko wata biyu babu. Ta gani, ta dai riƙe burodin har sai da yatsuna suka kama shi sosai.

A hanyar hawowa na tsaya na karyo busasshen reshen zaitun na jeji. Nunzia ta karɓa ta riƙe min.

Da la'asar na zauna a baranda, na datse itacen, na share gindinsa, na zana zakara da fensir. Zakara ai ba ya ɓaci, kowa na son zakara. Nunzia ta kawo min gahawa. Ta riga ta kafa tambarin can a kan kanta, kusa da hoton uwarta.

"Ni na gaya wa Tanino," ta ce. "Na so ta amsa masa kowa ya huta."

"Ai na sani tun a kantin magani. Yanzu fa?"

Ta leƙo zanen, ta taɓe baki.

"Ban ce maka komai ba. Amma kada ka yi zakara. Ta tsani kaji."

Ta shige ciki. Na ɗaga kai na dubi barandar Dora. A kan igiyar shanya ga ƙyallen kicin yana kaɗawa, da ƙaton jan zakara a tsakiyarsa.

To fa. Ko dai kyautar suruka ce da take goge ƙasa da ita, ko kuwa 'yata har yanzu Bajamushe take yi wa aiki. Na kalli zakaran igiya, na kalli ƙofar da Nunzia ta shige. Na daɗe a haka, gahawa ta huce.

Sai na lashi babban yatsa na goge zanen. In yarinyar nan ta yaudare ni, da ƙafata zan shiga motar Bari, amma ba zan ƙara cin abincin hannunta ba.

Itacen ya koma fari, ba komai a kansa. A hayi Dora ta fito da buta za ta shayar da tukwanenta. Na ajiye wuƙa, na matse hannun daman a cinya, na jawo kujera bakin ƙarfe, na fara kallonta da kyau.